Kyaftin da Usur ɗin Kaka

Kowa a layinmu ya san talotalon gidanmu, kuma ba da alheri aka san shi ba. Mai karanta mitar wuta ya san shi. Mai kwasar shara ya san shi. Matan da ke kawo wa Mama ɗinki kuwa sai sun leƙo ta ƙofa sun tambaya ko yana kusa kafin su sako ƙafa. Sunansa Kyaftin. Ni dai ban ga laifinsa ba, kuma duk wanda ya ce mini mugu ne to ya shirya, don bakina ba ya ciwo.

Kaka ne ya raɗa masa sunan. Kaka shi ne mahaifin Abbanmu, kuma a da alƙalin wasan ƙwallo ne, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiransa Rafali. Gwiwa ta hana shi gudu, ido ma ya rage, amma usur ɗinsa na nan rataye a wuyansa da baƙar igiya, katunansa biyu kuma suna aljihun gaba, rawaya da ja. Ni yana ce mini Mai Tuta, wai ni ce mataimakiyarsa mai gudu a bakin layi.

Yadda Kyaftin ya zo duniya ma abin dariya ne. Wata mata ce ta ji daɗin rigar da Mama ta ɗinka mata, ta kawo mata kyautar ƙwai guda, ƙato, mai ɗige-ɗige kamar an yayyafa masa shayi. Mama ta ce a soya. Kaka ya ce a'a, a saka wa kazarmu da ke kwanci. Abin da ba mu sani ba shi ne, ƙwan talotalo ya fi na kaza daɗewa kafin ya ƙyanƙyashe. Kaza ta fitar da 'ya'yanta, ta dubi ƙaton ƙwan nan ta ga ba shi da niyyar komai, ta kaɗa tsakinta ta yi gaba abinta.

Kaka ya ɗauki ƙwan ya naɗe a tsohuwar safarsa ta wasa, ya sa a kwali kusa da ƙwan fitila a ɗakinsa, yana juya shi safe da yamma.

Abba ya leƙa ya ce, “Baba, wannan fa baragurbi ne. Zai fashe ya cika maka ɗaki da wari.”

Kaka ya ce, “Wa ya ce maka an tashi wasa? Ƙarin lokaci aka shiga.”

Sai kuwa ga shi wata safiya ƙwai ya tsage, wani ɗan tsako ya fito, dogon wuya, manyan ƙafafu, mummuna na gasken gaske. Kuma sakarai! Ɗan kaza yana fitowa ya san tsince. Ɗan talotalo kuwa sai ya tsaya a kan abinci yana kukan yunwa, sai an nuna masa. Kaka ne ya riƙa ƙwanƙwasa faranti da yatsa, tak, tak, tak, har ya gane cewa abin nan da yake takawa shi ake ci. Kuma duk lokacin da zai ba shi abinci sai ya ɗan busa usur a hankali. Tun daga nan, a wurin Kyaftin, usur yana nufin Kaka, Kaka kuma yana nufin ciki zai cika.

Kafin mu ankara tsakon nan ya zama ƙaton tsuntsu, baƙi mai sheƙi, kansa ya kusa kai mini ƙirji. In zai nuna isa sai ya kumbura, ya baje wutsiya kamar mafici, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, ƙiiii, yana tafiya a hankali yana hura hanci. Kansa ba gashi ko ɗaya. Akwai wata 'yar tsoka a saman bakinsa, in hankalinsa a kwance yake sai ta tsuke, in ransa ya ɓaci sai ta zubo tana reto. Launin kansa ma canzawa yake yi, wani lokaci fari-fari, wani lokaci shuɗi, in kuwa ya fusata wuyan ya yi jawur. Kaka yakan ce, “Kin gani? Shi da jan katinsa aka haife shi.”

Hali biyu ne Kyaftin yake da su waɗanda suka jawo masa baƙin jini a gidanmu.

Na farko, ba a yin ƙara ya yi shiru. Buta ta yi fito a kan wuta, sai ka ji gululululu! Waya ta yi ƙara, gululululu! Kaka ya yi atishawa, gululululu! Abin da ya fi ƙona wa Mama rai shi ne in tana yi mini faɗa. Ta ce, “Wa ya bar mini almakashi a ƙasa?” Gululululu! “Ba da kai nake ba!” Gululululu! Sai faɗan ya lalace, ni ina danne dariya, ita tana neman takalmin da za ta jefe shi.

Na biyu, ba ya gane kansa. In ya ga hotonsa a jikin wani abu mai ƙyalli, sai ya ɗauka wani talotalon ne ya shigo masa gida. Abba direban tasi ne, kuma yana son motarsa kamar me, kullum sai ya wanke ta ya goge har ka ga fuskarka a jikin ƙofa. To Kyaftin ma yana ganin tasa. Sai ya kumbura, na cikin ƙofar ma ya kumbura. Ya matsa, wancan ma ya matso. Shi ke nan sai dambe, sara da baki, shuri da ƙafa. Ƙofar baya ta hagu duk ta zama zane-zane, har Abba ya gaji ya koma ajiye motar a waje.

Amma akwai abin da ba wanda ya lura da shi a gidan, sai daga baya. Kaka yana zama ne a kujerarsa ta roba a bakin ɗakinsa, tun safe har yamma. In ya kira Abba, Abba na riƙe da waya a kunne, sai ya ce, “Ina zuwa, Baba, minti ɗaya,” ya fice. In ya kira Mama, keken ɗinki na ta gurnani, sai ta ce, “To Baba, bari in kai ƙarshen layin nan,” layin kuma ba ya ƙarewa. Ni ma in ina wasa nakan ce, “Yanzu, Kaka.” Amma ya busa usur sau ɗaya, ko Kyaftin yana bayan gida yana tonon tsutsa, zai amsa, sannan ya taho a guje yana rangaji, ya tsaya a gabansa. Sai Kaka ya ba shi 'yar hatsi, ya shiga ba shi labarin wasannin da ya hura, wa ya yi ƙeta, wa ya faɗi da gangan. Kyaftin ya karkata kai yana saurare, in Kaka ya ɗaga murya ya ce gululululu, Kaka ya ce, “Yauwa, kai ma ka ga fanareti ne.”

Ana nan sai Kawu ya bugo waya. Kawu yayan Mama ne, yana aiki a jirgin ruwa, rabonsa da gida tun ina goye. Ya ce ranar Asabar yana tafe. Mama ta yi ta murna har da hawaye. Ta share gida, ta wanke labule, ta fito da farantan da ba a taɓa bari mu taɓa ba. Da yamma muna cin abinci sai ta ce, “Babban baƙo sai babban tsuntsu. Ba zan tari Yaya da 'yar kaza ba, ga talotalo a gida yana cinye mana hatsi.”



Abba ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, “Ni ma na huta. Zan yi wa mahauci magana ya zo ranar Asabar ɗin da safe.”

Na ce, “Kyaftin ɗin? Kyaftin ɗinmu?”

Mama ta ce, “Da akwai wani ne? Ke dai ci abincinki.”

Na dubi Kaka. Ina jira ya buga tebur, ya zaro jan kati, ya kori kowa daga fili. Amma ina! Ya tsame hannunsa, ya wanke, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari na fara dabara. Akwai wani ƙaton kwalin firji a ɗakin ajiya, bayan buhunan gawayi. Na yaudari Kyaftin da hatsi har ciki, na rufe, na jawo ƙofa. Sannan na murtsuke idona ya yi ja, na zo gaban Mama ina sheshsheka.

“Mama, Kyaftin ya gudu. An bar ƙofa a buɗe, na duba ko'ina ban gan shi ba.”

Mama ta dube ni ta saman tabarau. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ajiye almakashi, ta tafa hannu sau ɗaya, tas!

Daga ɗakin ajiya aka ce, gululululu!

Kai, wannan tsuntsu! Ina ƙoƙarin ceton ransa, shi yana amsa gaisuwa. Na shiga na buɗe kwalin na ce masa, “Sakarai kawai! Ba ka san ana yin shiru ba?” Ya fito duk ya yi buɗu-buɗu da gawayi, ya kumbura, ya wuce ni kamar shi ya ci wasa.

Na koma wajen Abba na ce zan riƙa wanke masa mota kullum. Ya ja hannuna ya kai ni ya nuna mini ƙofar baya ta hagu. Na ce wa Mama naman talotalo tauri gare shi, Kawu zai karya haƙori. Ta ce tukunyarta ta san maganin tauri. Da dabara ta ƙare mini sai na tafi wurin Kaka, raina a ɓace.

“Kaka, kai ba za ka yi magana ba? Kai fa ka ƙyanƙyashe shi!”

Ya yi 'yar dariya. “Ni na ƙyanƙyashe shi? Ki rufa mini asiri, kada maƙwabta su ji.”

“Ba wasa nake yi ba!”

Ya daɗe yana kallon Kyaftin da ke wankan ƙasa a gindin katanga, yana watsa ƙura a bayansa don ya kori ƙwari. Sannan ya ce, “Mai Tuta, mamanki ba ta yi laifi ba. Ɗan'uwanta take so ta girmama, da abin da ya fi komai girma a gidan. Ni kuma zama nake, ba ni na sayi hatsin ba. Rafali ba ya buga wa kowa ƙwallo.”

Da yamma na ga ya cire usur ɗin daga wuyansa ya tura ƙarƙashin matashi. Tunda nake ban taɓa ganin wuyan Kaka ba igiyar nan ba. Sai na ga ya ƙara tsufa, abin ya ba ni tausayi har na kasa cin abinci.

Ranar Asabar da safe mahauci ya iso. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, ya zo da igiya a kafaɗa da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ya ce, “Ina tsuntsun? Ku nuna mini shi, ina da aiki a shago. Wannan ai kafin ruwa ya tafasa na gama.”

Kyaftin na tsakar gida. Ya ga baƙo, ya kumbura, tsokar bakinsa ta zubo, wuya ya yi jawur. Mahauci ya sunkuya ya buɗe hannuwa yana matsowa yana cewa, “Zo, zo, ɗan gari.” Ya yi tsalle zai cafke shi. Kyaftin ya goce, mahauci ya rungumi iska, ya zube a kan cikinsa, tim!

Gululululu!

Daga nan fa aka shiga wasa. Abba ya ajiye waya ya tare ta hagu. Mama ta ɗauko kwandon wanki za ta kifa masa. Kyaftin ya bi ta tsakanin ƙafafun Abba, ya kutsa ƙarƙashin igiyar shanya, ya fito da ɗankwalin wata mai kawo ɗinki a kansa, yana gudu bai ga gabansa ba. Ya ture bokiti, ya taka tumatir ɗin da Mama ta wanke, kaji suka watse suna ihu. Abba ya zame a ruwan bokitin ya zauna daɓas cikin baho. Yaran layinmu suka ji hayaniya, suka turo ƙofar gida suka cika baki, wasu suka hau katanga, suna tafi suna cewa, “Kyaftin! Kyaftin!” Ni kuwa a zuciyata na fi kowa ihu.

Mutane suna ganin talotalo da nauyi sai su ɗauka ba ya tashi. Yana tashi mana, in ta kama. Da ya ga an ritsa shi a lungu, sai ya buga fukafukai, fafafafa, ya hau durom. Daga durom ya hau katanga, daga katanga ya hau rufin banɗaki, daga nan ya haye can saman tankin ruwa, inda ko mai gyaran famfo sai ya yi addu'a kafin ya hau. Ya tsaya a can ya baje wutsiya yana kallonmu.

Mahauci yana haki ya ce, “Sauko, ɗan banza!”

Gululululu!

“Ni kake yi wa rashin kunya?”

Gululululu!

Aka aro tsani a maƙwabta. Mahauci ya taka, tsani ya yi ƙara, ya sauko da kansa ya ce yana da iyali. Aka watsa hatsi a ƙasa, kaji suka zo suka cinye tas, Kyaftin ko gezau. Ni kuwa sai na tuna da dogon madubin da masu kawo ɗinki ke duba kansu a ciki, yana jingine a baranda. In wani ya fito da shi tsakar gida, an gama da Kyaftin. Na sulale na juya fuskarsa ga bango, na rufe shi da yadi, na dawo na tsaya kamar ban san komai ba.

Rana ta fara zafi, ruwa ya tafasa ya ƙone a tukunya, Kawu kuma ya bugo ya ce ya kusa. Mama ta share gumi ta ce, “Abban yara, abu ɗaya ne zai sauko da shi. Usur ɗin Baba.”

Gaskiya ta faɗa.

Abba ya tafi ƙofar Kaka, wandonsa na ɗigar ruwa. Ya ce, “Baba.”

Shiru.

“Baba!”

Daga ciki Kaka ya ce, “Ina zuwa. Minti ɗaya.”

Abba ya tsaya. Aka jima, ba motsi. Ya sake kira.

Kaka ya ce, “Bari in kai ƙarshen layin nan.”

Abba ya waiwayo ya dubi Mama. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin kwando.

Can dai Kaka ya fito yana dogara sanda, usur a hannunsa. Ya miƙa wa Abba ya ce, “Ungo, busa.” Abba ya cika kumatu ya busa, firrr! Kyaftin ya amsa daga sama, amma ko ƙafa bai ɗaga ba. Mama ta karɓa ta busa, ya amsa mata ita ma, ya juya mata wutsiya. Mahauci ya miƙo hannu zai gwada, Kaka ya ce, “Kul! Ba da wannan bakin ba.”

Abba ya ce, “Baba, don Allah ka taimaka. Baƙo na hanya.”

Kaka ya ce, “Amsawa dai zai amsa wa kowa. Zuwa ne sai ni.”

Ya karɓi usur ɗin, ya goge da bakin riga, ya tako tsakiyar gida. Na rufe fuskata da hannu, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Kyaftin ya hango shi. Nan take ya sauke wutsiya, ya kwantar da gashi, ya miƙo wuya, ya fara wani ɗan kuka a hankali, kiyu, kiyu, irin wanda yake yi tun yana cikin kwali. Ya matso bakin tankin yana shirin tsalle. Mahauci ya warware igiya ya laɓe a bayan Kaka.

Kaka ya sa usur a baki. Ya ja numfashi, ya tsaya. Sannan ya cire usur ɗin.

Ya ce, “Ba zan iya ba. Tun ina saurayi nake busa abin nan, an zage ni, an jefe ni da ɓawon lemo, amma ban taɓa busa ƙarya ba. In na busa yanzu, zai zo ne don ya ɗauka abinci zan ba shi.” Ya dubi Abba, ya dubi Mama, har ni ya duba. “Ku kama shi in kun iya, ban hana ku ba. Amma a gidan nan, in na yi kira, shi kaɗai ne ke amsawa ya kuma zo. Kada ku sa ni in kira shi ga wuƙa.”

Ni kuwa kunya ta kama ni, don na san “Yanzu, Kaka” nawa ma yana ciki.

Sai aka ji ƙahon mota a waje, pim pim!

Gululululu!

Yara suka buɗe ƙofa gaba ɗaya, wata baƙar motar haya ta sako kai tsakar gida, sabuwa fil, tana walƙiya. Na ce, wayyo Allah! Na ɓoye madubi, ga madubi ya zo da ƙafarsa. Kyaftin ya leƙo daga sama, ya hangi wani ƙaton talotalo a jikin ƙofar motar. Ya manta da mahauci, ya manta da igiya, ya manta da komai. Ya diro, fafafafa, ya faɗa wa ƙofar da sara da shuri. Mahauci bai yi wata-wata ba, ya rufa masa ta baya, ya rungume shi tsam a ƙirji.

“Na kama! Na kama shi! A miƙo wuƙa!”

Kawu ya fito daga motar, dogo, da farar riga da jaka a hannu, yana ta raba ido. Ga ƙanwarsa da kwando, ga mijinta da jiƙaƙƙen wando, ga wani ƙato rungume da tsuntsu, ga tumatir ko'ina.

Ya ce, “Lafiya? Ko na yi ɓatan gida ne?”

Kyaftin na ta fizge-fizge, kansa ya koma fari fat don tsoro. Kaka ya juya baya ya nufi ɗakinsa a hankali. Mama ta dubi yayanta da ta yi shekaru tana jira, ta dubi bayan Kaka. Sannan ta ajiye kwandon.

Ta ce, “Sake shi.”

Mahauci ya ce, “In sake shi? Bayan duk gumin nan?”

Abba ya ce, “Ka ji abin da ta ce. Ka je shago ka kawo mana nama mai kyau, wanda ba ya gudu.”

Mahauci ya buɗe hannu yana ƙunƙuni. Kyaftin ya dira, ya karkaɗe jiki, kuma kun san abin da ya yi? Ya koma kan ƙofar motar ya ci gaba da dambensa daga inda ya tsaya, direban haya na ihu. Kaka ya waiwayo, ya zaro katin rawaya ya ɗaga masa, sannan ya zaro ja ya ɗaga wa mahauci. Yara suka fashe da sowa. Mama ta rungume Kawu tana kuka tana dariya.

Da aka zauna cin abinci na ba Kawu labarin tun daga safa. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa. Ya ce ya je ƙasashe da yawa inda in dangi suka taru ranar farin ciki, gasasshen talotalo ake ajiyewa a tsakiyar tebur, kuma ya ci ya fi a ƙirga. Amma duk yawonsa bai taɓa ganin wanda ya zaunar da direba cikin baho ba. Ya ce wa Mama, “Kin tare ni da babban tsuntsu kuwa, ƙanwata. Wannan ba zan manta da shi ba.”

Da la'asar gida ya lafa. Kawu ya kwanta hutawa, Mama ta koma kan keke, ni ina tsince tumatir ɗin da ya rage, Abba yana bakin ƙofa da waya a kunne. Kaka na zaune a kujerarsa, igiyar ta koma wuyansa. Sai ya ɗaga usur ya busa, ɗan gajere, fir.

“Na'am, Baba!” in ji Abba, ya katse wayar ya taho da sauri.

Keken Mama ya tsaya cak a tsakiyar layi, ta fito da zare a baki. Ni ma na yar da kwano na rugo. Kyaftin yana can bayan gida, kafin ya zagayo yana rangaji ya tarar mun riga shi, mu uku a tsaye gaban Kaka. Ya kumbura, wuya ya yi ja, ya yi ta zagaya mu yana jan fukafukai, wai an tare masa wuri.

Kaka ya daɗe yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa bayan hannu ya goge ido ya ce ƙura ce.

Abba ya ce, “Me kake so, Baba?”

Ya ce, “Ba komai. Gwadawa na yi.”

Abba bai koma ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da shi ya ce, “To ba ni labarin fanaretin nan da kake ba Kyaftin.” Kaka ya gyara zama ya fara. Wayar Abba ta yi ta ƙara a aljihunsa, Kyaftin na amsa mata.